Buzun Da Ya Ari Kiɗan Finafinan Mu A Sakkwato

Na san da yawa daga cikin masu karatu za su yi mamakin shafin nan na wannan wata, domin kun saba in kawo maku labarin lokeshin, ko wace jaruma ce ta yi aure, ko wane furodusa ne 'yan wasa ke bi bashi. To yau dai ku yi mani haƙuri, kiɗa za mu taɓa. Kuma ba irin wanda ku ka saba ji ba, wani kiɗa ne mai hayaniya da Turawa ke kira hebi metal, wato ƙarfe mai nauyi. Kada wani ya yi saurin buɗe shafi na gaba ya na cewa ina ruwan biri da gada. Akwai ruwan sa. Mutumin da ni a gani na ya fi kowa iya sa jitar lantarki ta yi ruri a duk Afrika ta Yamma, a wani situdiyo a Sakkwato ya naɗi kundin waƙoƙin sa na farko, kuma da irin sautin waƙoƙin finafinan mu ya naɗe shi. Sunan sa na yanka Mahamadu Sulaiman, duniya kuma ta san shi da Mdou Moctar. Ba'abzine ne, ko Buzu kamar yadda mu ke cewa a nan, haifaffen jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, mazaunin Agadas.

Bari in fara da shi hebi metal ɗin, don wanda bai san shi ba. A shekarar 1968 wasu samari huɗu 'ya'yan talakawa a birnin Birmingham na Ingila su ka haɗa ƙungiyar kiɗa, wadda daga baya su ka raɗa wa suna Black Sabbath. Birmingham garin masana'antu ne, garin maƙera in ka so. Mai kaɗa masu jita, Tony Iommi, a masana'antar yankan farantin ƙarfe ya ke aiki, kuma ya na ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, a ranar da ya yi niyyar ajiye aikin ya koma kiɗa. Shi kuwa bahago ne, don haka yatsun da su ka guntule su ne waɗanda ya ke danne tsirkiya da su. Maimakon ya haƙura, sai ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya nemi tsirkiyoyi sirara, daga baya ma ya sassauta ɗaurin su don kada su riƙa yi masa ciwo. Kowane mai gurmi ya san in ka sassauta tsirkiya muryar ta kan yi ƙasa, ta yi kauri. Wannan kaurin, da aka haɗa shi da amfilifayar da aka ƙure wa murya, shi ne tushen sautin hebi metal.

Abin da zai ba ɗan fim sha'awa shi ne, sunan nasu ma daga fim su ka ɗauko shi. Black Sabbath fim ne na ban-tsoro na 1963, na daraktan nan ɗan Italiya Mario Bava, wanda Boris Karloff ya fito a ciki. Samarin su ka lura mutane na biyan kuɗin su su shiga silima don kawai a tsorata su, sai su ka ce me zai hana a yi kiɗan da zai yi wa mutum abin da fim ɗin dodo ke yi masa? Kundin su na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairu, 1970. Sun yi wasan bankwana a garin su ranar 5 ga Yuli, 2025, kuma kwana 17 bayan nan mawaƙin su, Ozzy Osbourne, ya mutu.

Ba zan ɓoye maku ba, akwai tarkace da yawa a wannan harka waɗanda ba su dace da mu ba sam-sam: hoton ƙoƙon kan mutum, zanen shaiɗanu, shaye-shaye, da gashi kamar na mahaukaciya. Ba su na zo tallatawa ba. Abin da ya ja hankali na shi ne kiɗan daga cikin sana'a ya fito, daga ƙarar guduma da inji. Mu ai mun riga su sanin wannan. Maƙera na da dundufa, mahauta na da kalangu, manoma na da gangar noma. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan tauri ranar hawan sallah a Haɗeja, ya ji yadda kiɗan ke dukan ƙirjin sa tun kafin ya shiga kunnen sa, to ya san abin da yaran Birmingham ɗin nan ke nema.

Ni kuwa ba ta Ingila na iso wannan kiɗa ba, ta bakin tashar mota na iso shi. Wajen 2013, ina ƙaramar sakandare a Haɗeja, lokacin kowa da 'yar wayar sa ta Chana mai lasifika kamar ta masallaci. Ka ɗauki memori ka kai wa masu tura waƙa, da 'yan canjin ka su cika maka shi taf: Nazifi Asnanic, Nura M. Inuwa, Fati Nijar, Adam A. Zango. A cikin irin wannan turin na tsinci wata waƙa da ba ta da suna, sai lamba kawai. Kiɗan tsaf irin na finafinan mu, gangar kwamfuta ce, muryar kuma an bi ta da ototun ta na rawa kamar ana waƙa a cikin ruwa. Amma akwai jita a ciki mai sanyi, kuma ko kalma ɗaya ban gane ba. Mu ka yi ta gardama da abokai, wani ya ce Larabci ne, wani ya ce Barbarci, wani ma ya rantse Indiyanci ne.

Wani dattijon Buzu mai shayi a bakin layin mu ne ya raba gardamar. Ina zaune kan bencin sa na kunna ta, sai ya dakata da firfita gawayi ya ce, “Kai yaro, ina ka samo wannan?” Na ce, “Baba, a tasha aka tura mani.” Ya karɓi wayar ya kara a kunne har ta ƙare, ya ce in maimaita. Sannan ya ce wannan harshen su ne, Tamashek, kuma waƙar bege ce. Ranar bai karɓi kuɗin shayi na ba. Yadda waƙar ta zo garin mu ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san hanya. Kowace Alhamis kasuwar Maigatari na cika da raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar, daga can sai Gumel, daga Gumel sai Haɗeja, kuma kowane fatake da ɗan kamasho da wayar sa da bulutut ɗin sa.

Sai da na shiga foli na fara samun kuɗin data sannan na san mai waƙar da tarihin sa. Ya na yaro ya ga Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan jita na Abzinawan Nijar, ya na wasa, sai abin ya shiga ran sa. Gidan su gidan addini ne, ba sa son ko jin zancen kiɗa, balle su saya masa jita. Sai ya samu katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya riƙa koyo a ɓoye. Wannan labari bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, kuma da shi ya zaga duniya. Mu ma mun yi irin sa da gwangwanin madara da wayar birki, bambancin dai mu da aka zane mu sau ɗaya sai mu ka bari.

A 2008 ya tsallako Sakkwato. Me ya kawo shi? A lokacin sautin finafinan Hausa ne ke tashe tun daga Kano har Agadas, kuma a situdiyoyin mu ake da kayan aikin da masu sanin sirrin. Nan ya naɗi kundin Anar. Ba a buga shi a kaset ko sidi an kai kasuwa ba, daga waya zuwa waya kawai ya yi ta yawo, har ya kai Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke bi gari-gari ya na kwafar waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya ci karo da waƙar “Tahoultine”. Ya sa ta cikin wani faifai da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, wato waƙoƙi daga wayoyin Sahara. Ya sha wuya kafin ya gano mai ita, da ya same shi kuma sai ya je Nijar ya kai masa tsarabar jita ta bahagwai, domin shi ma Mdou bahago ne kamar Iommi da Jimi Hendrix. Wannan Kirkley ɗin dai shi ne a 2013 ya tattara waƙoƙin finafinan Kano ya fitar da su a Amurka a faifan garmaho mai suna Harafin So. Ka ji fa. Kunnen da ya ji daɗin Buzun nan, shi ne dai ya ji daɗin namu, kusan a lokaci guda. Daga nan ne hanya ta rabu.

Shi Mdou ya ajiye ototun da gangar kwamfuta ya koma ga hannun sa. Kiɗan jitar Abzinawa, wanda su ke kira asuf, wato kewa, ya samo asali ne daga samarin da farin 1973 da na 1984 su ka kora zuwa Aljeriya da Libiya neman abinci. Ƙungiyar Tinariwen ta 'yan Mali ce ta fara fito da shi, har ta ci kyautar Grammy a 2012, sai irin su Bombino na Agadas su ka biyo baya. Kiɗan Tinariwen tafiyar raƙumi gare shi, a hankali. Amma a Agadas wurin biki ake kaɗa jita, a fili, da janareto da ƙananan amfilifaya, ga ƙura, ga 'yan babur, ga guɗa. In ka na so a ji ka tilas ka ƙure murya, in ka ƙure kuma lasifikar ta fara karkarwa ta na gurnani. Abin da Turawa ke sayen na'ura ta musamman don su samu, su 'yan Agadas larura ce ta ba su. Kuma samari na son rawa, sai mai ganga ya yi ta ƙara sauri. Daga baya aka nuna wa Mdou bidiyon Eddie Van Halen, gwanin jita na Amurka da ya rasu a 2020, wanda ya yi suna wajen dannan tsirkiya da yatsun hannu biyu a kan wuyan jita. Ya kalla, ya ɗauki abin da ya ga dama, ya zuba shi cikin kiɗan takamba na gida. Masu bin diddigi za su ce ai kiɗan sa ba hebi metal ba ne tsantsa, kuma gaskiyar su. Amma ka kunna minti uku na ƙarshen waƙar “Afrique Victime” ka ƙure murya, sannan ka zo mu yi gardamar suna.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai-tsaye. A 2015 Kirkley ya ba da umarnin wani fim da Mdou ya fito a matsayin jarumi, sunan sa Akounak Tedalat Taha Tazoughai. Wanki ne, kuma ba su ɓoye ba. Fim ɗin Purple Rain na 1984 su ka wanke, wanda mawaƙi Prince ya fito a ciki. Da ya ke Tamashek ba shi da kalma guda ta wannan launi na shunayya, sai sunan ya koma “ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki”. Labarin mai sauƙi ne. Baƙon makaɗi ya zo Agadas da jitar sa da babur ɗin sa, ya na son wata yarinya, ga wani makaɗi ɗan gari da ke kishi da shi, ga uba mai tsananin addini wanda har ya ƙona masa jita. A ƙarshe a haɗu a gasa.

Mu a industiri ai ba baƙin wanki ba ne. Kowa ya san Khusufi daga Taal aka ɗauko shi, kuma an daɗe ana zagin mu a kan irin haka. Amma ku dubi yadda su su ka yi nasu. Fim ɗin Prince cike ya ke da abin da ba ya kalluwa a gaban iyaye. Su 'yan Agadas su ka ce ba za su yi ba. Kirkley da kan sa ya faɗa wa 'yan jarida cewa sumba ba ta ma taso ba, ko runguma sai da ta zama matsala. Sai aka zubar da duk wannan, aka riƙe ƙashin bayan labarin, wato ɗa da uba da kiɗa, aka cika sauran da rayuwar garin: rawani, shayi, lungunan jar ƙasa, satar waƙa ta wayar hannu. Wallahi in ka cire harshen, ka ce a Fagge aka shirya shi. 'Yan wasan ba ƙwararru ba ne, wani wurin ma za ka ga mutum na jiran a ba shi alama kafin ya yi magana, kuma labarin ya yi rauni a tsakiya. Kuɗin da aka kashe, da taimakon jama'a ta intanet aka tara shi. Amma duk inda Mdou ya ɗauki jita a fim ɗin, da gaske kaɗawa ya ke yi, kuma kyamara na kan yatsun sa. Fim ɗin ya zaga bukukuwan finafinai a Turai da Amurka. Mu da mu ka fara tun Turmin Danya a 1990, mu ka yi dubban finafinai masu waƙa, sau nawa ka taɓa ganin jarumi ya riƙe abin kiɗa ya na kaɗawa da gaske? In ma an ba shi jita a hannu, ado ce, ya na shafa ta kamar mage, sautin da ke fita kuma na fiyano ne.

Bayan fim ɗin ne ƙungiyar ta tsaya da ƙafar ta, mutum huɗu. Ahmoudou Madassane na jita ta biyu, Souleymane Ibrahim na ganguna, sai Ba'amurke guda, Mikey Coltun, mai jitar bes, wanda kuma shi ke haɗa masu sauti. Shi wannan bawan Allah daga Niyok ya ke tasowa ya sauka Yamai, sannan ya shiga motar haya ya yi fiye da kwana guda a hanya kafin ya kai Agadas, don kawai a yi atisaye a kuma buga biki. A 2019 su ka fitar da Ilana, wanda su ka naɗa a birnin Detroit. A watan Mayu na 2021 kamfanin Matador ya fitar masu da Afrique Victime, wanda shi ne ya buɗe masu ƙofa sosai. A watan Afrilu na 2024 sun hau dandalin Coachella a Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka, da rawunan su da manyan rigunan su, ba wanda ya sa wando a gwiwa don ya burge Bature.

To mu zo kan bidiyo, wanda shi ne fagen mu. Masu hebi metal na farko ba su ɗauki bidiyo da muhimmanci ba. Hotunan Black Sabbath na 1970 da ake gani a YouTube, yawanci daga shirin talbijin aka ciro su, su huɗu a tsaye su na kiɗa kawai. Ƙungiyar Metallica ta Amurka ma sai da ta fitar da kundi uku ba ta yi bidiyo ko ɗaya ba. Da su ka tashi yi a 1989, wa waƙar “One”, sai su ka yi abin da har yau ake koyi da shi. Su ka shiga wani fankamemen sito, aka ɗauke su a hoto baƙi da fari su na kiɗa, sannan aka riƙa yanko sassan wani fim na 1971, Johnny Got His Gun, ana sakawa a tsakani. Fim ɗin labarin wani soja ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya da bam ya raba da hannuwa da ƙafafu da fuska, ya na kwance a asibiti da ran sa da hankalin sa, ba ya iya gaya wa kowa komai. Babu rawa, babu canza kaya, babu mota. Na kalle shi da dare ni kaɗai, sai da na tashi na kunna fitila.

Bidiyon Mdou da na fi so ya ma fi wannan sauƙi. A ƙarshen 2020, lokacin korona ta hana tafiye-tafiye, gidan rediyon NPR na Amurka ya nemi su yi masa wasa don shirin sa na Tiny Desk. Sai su ka ɗauke shi a ƙofar gidan da su ke zaune a Yamai, aka fitar a 2021. Ƙasa ce, da bango, da kayan kiɗa, da mutanen da su ka ji sauti su ka matso. Ba a kori kowa don kada ya ɓata hoto ba. Ka kwatanta da namu. Tun zamanin Sangaya har zuwa wannan zamani na YouTube, in za a ɗauki waƙa sai an nemi lambun otal ko gidan wani mai kuɗi, a yi hayar mota, yarinya ta canza kaya sau bakwai, yaro ya canza sau biyar, a jera 'yan rawa a baya. Kyamarorin mu sun gyaru ƙwarai, har da maras matuƙi mai tashi sama, amma abin da mu ke nuna masu bai canza ba. Wanda ya kalli bidiyon waƙoƙin mu ɗari ba zai san a Arewa akwai kogi ba.

Wannan shi ke ci mani rai, domin ni ɗan bakin kogi ne. Ku zo fadamar Haɗeja da kaka ku gani, daga Auyo zuwa Kirikasamma zuwa Guri. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin sa, tsuntsayen jan-baki kuma su ka samu wurin kwana a cikin ta. In shinkafa ta fara nuna, tun asuba yara ke fita gona. An ja igiyoyi daga wannan kunya zuwa waccan an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ana jijjigawa, ana dukan tsofaffin kwanuka da galan, ana ihu, ga injinan ban-ruwa na ta gurnani a gefe, ga tsuntsayen sun taso kamar hadari. Wannan ba hebi metal ba ne? Ga ƙarfe, ga nauyi, ga fushi, kuma abincin shekara ake karewa. A 2020 da 2022 ruwa ya zo ya shafe gonaki da ƙauyuka a Jigawa, mutane su ka mutu, mu ka kwana a kan jinga mu na cika buhuna da ƙasa don kada ya shigo gari. Na jira in ji waƙar da za ta ɗauki nauyin wannan dare. Abin da na ji a wayoyin samarin da ke cika buhun, waƙoƙin soyayya ne da na 'yan siyasa.

Shi kuwa Mdou abin da ke damun ƙasar sa ya ke waƙewa. Daga 1971 kamfanonin Faransa su ka shafe shekaru su na haƙar yuraniyom a Arlit, ana ba Turai wuta da shi, alhali mafi yawan ƙauyukan Nijar ba su san lantarki ba. Kundin Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, wanda ya fito ranar 3 ga Mayu, 2024, a kan irin wannan ya tsaya. A ciki akwai “Oh France”, akwai kuma “Imouhar” inda ya ke kiran 'yan'uwan sa su riƙe harshen su kada ya mutu. An naɗi kundin ne kafin sojoji su kifar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023. Juyin mulkin ya same su su na yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, su uku su ka maƙale a can har sai da masoya su ka tara masu kuɗin zama. A wannan zaman jiran ne su ka shiga situdiyo su ka sake naɗar waƙoƙin da jitar katako, a sanyaye, wanda ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. Mu ma nan mun ji a jikin mu, domin Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta, aka rufe Maigatari, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Hanyar da waƙar sa ta bi ta zo waya ta, ita ce aka toshe wata bakwai.

Kada a ce na zo ina kushe namu ina yabon na waje. Akwai abin da mawaƙan mu ke da shi wanda Mdou zai yi sha'awa. Lokacin da Hamisu Breaker ya saki “Jaruma” a 2020, matan aure da 'yan mata da 'yan acaɓa duk sun haddace ta, kowa ya san abin da ta ke cewa. Shi kuwa dubban Turawan da ke tsalle a gaban sa, kaɗan ne ke jin kalma ɗaya ta Tamashek, ya na zagin mulkin mallaka su na tafi. Kuma fiyano ta yi mana rana. Ita ta ba yaron da ba ɗan gidan makaɗa ba damar yin waƙa ba tare da an kira shi maroƙi ba, ta kuma sauƙaƙa wa furodusa, maimakon ya ciyar da mutum goma sai ya sallami yaro ɗaya da kwamfuta. Na san wannan duka. Abin da na ke cewa shi ne mun biya kuɗin sauƙin nan da tsada. A garin mu aka yi Alhaji Haruna Uji, wanda da gurmi kaɗai ya sa duk ƙasar Hausa ta san Jummai da Balaraba. Ka saurari yadda ya ke gudu a kan tsirkiya, ka ce wa ya fi wani tsakanin sa da Van Halen? A Kano an yi Garba Supa, an yi Ahmadu Doka da kukuma. Yau ka shiga situdiyo goma a Zoo Road ka ce a kawo maka mai gurmi, sai dai a danna maka wani maɓalli a ce ga shi nan.

Bara na kai wa wani darakta shawara a lokeshin, lokacin hutun cin abinci. Na ce, “Yallaɓai, me zai hana waƙar fim ɗin nan a ɗauke ta a fadama, a samo mai gurmi na gaske a jona masa amfilifaya, a bar ƙarar gwangwanayen yaran nan ta zama ganga?” Ya dube ni ya yi dariya har da ƙwarewa, ya ce, “Ɗan jarida, kai dai tsaya a biron ka. Wa zai kalli ƙauye? Kuma wa zai biya kuɗin mai zuwa Haɗeja?” Ban ji haushin sa ba, kasuwa ya ke dubawa, kuma ba kuɗi na ba ne a ciki.

Don haka na yanke shawarar in gwada da kai na. Ina da aboki mai kyamara da ya yarda ya ba ni kwana biyu, wani mai gyaran rediyo a kasuwa kuma ya ce zai iya liƙa wa gurmi 'yar makirfo ya haɗa ta da amfilifayar masu wa'azin tasha. Mai gurmin ne ya ba ni wuya. Sai da na yi wata uku ina cigiya kafin aka kwatanta mani wani dattijo a wani ƙauye bayan Kirikasamma, wanda ya rataye nasa shekaru da dama, 'ya'yan sa ma ba wanda ya koya. Na nuna masa bidiyon Mdou a waya ta. Ya kalla shiru, ya matso da wayar kusa da idon sa ya na bin yatsun, sannan ya ce, “Ɗan nan, wannan yaron bahago ne ko?” Na ce, “E, Baba.” Ya ce fatar gurmin sa ta tsage, sai an sake ta, kuma shi ba zai taɓa kiɗa ba sai an gama yankan shinkafa. In na tashi zuwa in taho da janareto na da man sa, kuma in fara biyawa ta wurin mai gari in gaishe shi.